Kafin Ki Kunna Fitila a Kan Ɗiyar Wani

Balkisu,

Kada ki buɗe akwatin fitilun da kika tafi da shi sai kin karanta takardar nan har ƙarshenta. Kada kuma ki karanta ta a tsaye, ɗaya hannun yana latsa waya, yadda kike yi mini in ina magana. Nemi wuri ki zauna. Irin abin da ke cikin akwatin nan ya taɓa raba wata yarinya da karatunta, kuma hannuna ne ya kunna shi.

Bayan wannan, assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fatan kin sauka Shagari lafiya, kin samu ɗaki mai kyau da maƙwabta masu tsoron Allah. Allah Shi tsare ki a fitarki da shigarki, Shi sa wa aikin koyarwar nan albarka, Shi raba ki da abin kunya. Babanki yana gaishe ki. Labarin gida ba shi ya sa na ɗauki biro ba, kowa lafiya, wannan ya ishe ki.

Abin da ya sa na rubuto shi ne maganar da kika yi ranar da za ki tafi. Kin ce shugabar makarantarku ta ji cewa ke ɗiyata ce, ta ɗora miki aikin hasken rawar 'yan mata na bikin yaye ɗalibai. Na ce to. Sai kika ƙara da cewa, "Inna, ai yanzu daga baya ake haskawa, ya fi fitowa a hoto. Naki salon ya tsufa." Ban tanka miki ba, don mai babur yana jira a ƙofar gida kuma babanki yana tsaye. Yau zan tanka.

Ni ban karanci lantarki ba. Sakandare na gama, na koyi ɗinki, aka ɗauke ni ina koya wa 'yan mata ɗinki a makarantar mata ta nan wajenmu Bodinga. Da yake ni nake ɗinka musu kayan rawa, sai aka haɗa mini da fitila, wai duk aikin ado ne. Kin san yadda muke yi a ƙasar nan. Bayan la'asar ake rawar, rana tana nan, amma sai an toshe tagogin ɗakin taro da tabarmi don kada samarin gari su yi ta leƙe. Da an toshe, ɗakin ya koma kamar cikin rumbu. Dole a nemo haske, makaranta kuwa ba ta da abin sayen na kirki. Duk abin da na sani a wannan aiki, kuskure ne ya koya mini shi, kuma ba ni ce na biya mafi yawan kuɗin karatun ba. 'Ya'yan mutane ne suka biya.

Shekarar farko na aro manyan ƙwayayen lantarki biyu da ƙaramin inji a wurin kawunki Bello mai gyaran babur. Na dasa su a kan tebur a gaban dandamali, suna kallon yaran ido da ido. A tunanina, abin da kake so a gani, gabansa kake haskawa. Da aka fara kiɗan ƙwarya, yaran suka fito suna runtse ido kamar waɗanda aka fesa wa hayaƙi. Fuskokinsu suka baje, ba hanci ba kumatu, kamar faifai. Inuwarsu kuma ta hau bangon baya, kowace ta yi tsawon giginya, mata suka bar kallon yaran suka koma kallon bango suna dariya. Da aka zo gaɗa, wata Luba ta saki jiki ta faɗa baya don ƙawayenta su tare ta, su kuwa ba sa ganin komai sai haske. Ta sha ƙasa. Washegari uwarta ta zo har ɗakin ɗinki ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malama, rawa kunka koya mata ko kokawa?"

Gwiwar hannu ce kawai ta ƙuje, Allah Ya kiyaye. Amma ki riƙe wannan: duk fitilar da za ki kunna, ki fara hawa dandamalin ki tsaya inda yaran za su tsaya, ki juya yadda za su juya. In ke ba ki ga bakin dandamali ba, su ma ba za su gani ba. Mai riƙe fitila yana ganin kowa, shi ya sa yake mantawa cewa wanda ya haska makaho ne.

Da na tsaya a nan, da sauƙi. Garin gyaran gira na rasa ido.

Shekara ta biyu na ce ba za a sake yi mini dariya ba. Na taɓa ganin wani biki a talabijin inda haske ke fitowa ta bayan masu rawa, yana zagaye kawunansu da kafaɗunsu, abin sha'awa. Na kwashe ƙwayayen na kai su bayan dandamali, na ɗora a kan benci. Muka gwada har sau uku. Ya yi kyau ƙwarai, har shugabar makaranta ta wancan lokaci ta dafa kafaɗata ta ce, "Hauwa, bana kin fitar da mu kunya." Amma duk gwajin nan da kayan makaranta yaran suka yi shi: riga mai kauri, wando, da hijabi har gwiwa.

Rawar Fulani za su yi a ranar. Asalin kayanta farin saƙi ne mai nauyi, wanda ko ruwa sai ya yi da gaske yake ratsa shi. Kuɗin da aka ba ni bai kai ko rabin na saƙi ba, sai na je kasuwa na sayo farin yadi mai araha, na yi masa ado da jan zare da kore. Ban sa shafi ba, na ce ai na yini ɗaya ne. Ban gama ɗinkin ba sai da safiyar bikin, saboda haka ba a taɓa haɗa kayan da fitilar ba sai a gaban jama'a.

A ka'ida maza suna fita bayan rabon kyaututtuka, kafin rawa. Ranar an makara, ana gudun magariba, sai aka ce 'yan kwamitin iyaye su biyar, tsofaffi ne, su ci gaba da zama. A cikinsu akwai Malam Umaru, manomin albasa daga Mandera. An gayyato shi ne musamman saboda ɗiyarsa Hajaru ce ta zo ta ɗaya a aji biyar. Ita ce kuma a gaban layin masu rawa. Yarinyar nan ungozoma take so ta zama, kowa a makarantar ya sani.

Na kunna fitila. Ba zan rubuta miki abin da aka gani ba. Hasken ya ratsa yadin, shi ke nan. Ni ina can baya wajen inji, ta inda nake komai lafiya lau, har ina jin daɗi. Abin da ya fara sanar da ni shi ne masu kiɗan ƙwarya sun tsaya ɗaya bayan ɗaya. Da na leƙo, na ga mata sun sunkuyar da kai, wasu sun rufe baki da mayafi. Malam Umaru ya tashi, bai yi sauri ba, bai ɗaga murya ba. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya hau dandamali, ya lulluɓe ɗiyarsa da ita, ya riƙo hannunta suka sauko. Da ya zo daidai inda nake, ya tsaya ya ce, "Malama, ɗiyata amana ta. Haka aka riƙon amana?"

Hajaru ba ta sake kwana a makarantar ba. Wasu biyu ma iyayensu suka ɗauke su. Na bi shi har Mandera, ke kina goye a bayana. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa da fura, ya saurare ni har na gama. Ya ce ya yafe, ya san ba da gangan na yi ba, amma yarinya ta gama boko. Na dawo.

Balkisu, ni tela ce. Duk yadin da aka kawo mini, abu na farko da nake yi shi ne in ɗaga shi a bakin ƙofa, in sa shi tsakanin idona da rana, in ga ko shara-shara ne. Na yi haka sau dubu. Amma na ɗauki 'ya'yan mutane na tsayar da su tsakanin ido da fitila, ban tuna ba, saboda hankalina yana kan yabon da za a yi mini. Ba rashin kuɗi ne ya jawo ba, kada ki bari wani ya gaya miki haka. Talauci ya sa na sayi yadi mai araha, amma son a yaba ne ya kai fitilar baya, gaggawa kuma ta hana ni gwadawa. Ban taɓa ba ki wannan labari ba don kunya. Da na san wata rana za ki tsaya a tsakar gidana ki ce daga baya ake haskawa, da na ba ki shi tun kina firamare.

Shekara uku ban taɓa fitila ba. Da aka kawo sabuwar shugaba ta aiko a kira ni, na ce a gaya mata ba ni da lafiya. Babanki yana gyaran buhunan albasa a zaure, ya ji ni. Ya ce, "Ciwon me?" Na ce ya sani. Ya ce, "In duk wadda ta ƙona tuwo ta bar girki, da yunwa ta gama da Bodinga. Ke kin san inda ramin yake. In kin ƙi, wata za a ba wadda ba ta sani ba." Na ji haushinsa kwana biyu, a na uku na tafi.

Amma kafin nan na riga na ga abin da nake nema, kuma ba a talabijin ba. Wata rana da la'asar sakaliya ina zaune a bakin keken ɗinki, maƙwabtanmu suna daka a tsakar gida. Rana ta sauko, tana shigowa ta kan katangar yamma, tana bugun su ta gefe. Na ga kowane hannu ya fito sarai, taɓarya tana tashi tana sauka, har ƙaiƙayin da ke tashi ana iya ƙirga shi. Ba mai runtse ido, don ba wadda ke fuskantar ranar. Zannuwansu kuma ba abin da ya ratsa, don ranar ba a bayansu take ba. Sai na tuna ko ni in ina duba ɗinki ko ya tattare, ta gefe nake kawo fitila, a nan kowane tudu da kwari ke fitowa. Rawa kuwa motsi ce, hannu da ƙafa da juyi. Hasken gaba yana shafe ta, na baya yana tona asiri, na gefe shi ke nuna ta.

To ga yadda za ki yi da abin da ke hannunki. Fitilu shida ne a akwatin, duk masu caji, ba sa zafi. Ki samo gora biyu masu tsawon mutum da ɗan ƙari, ki dasa kowace a bokitin yashi, ɗaya a dama da dandamali ɗaya a hagu. Yashin ya cika bokiti, ki jiƙa shi ya yi nauyi, don yarinya mai gudun fita ba ta kallon gabanta. A kowace gora ki ɗaura fitila biyu da robar ɗaurin kayan babur: ɗaya daidai kafaɗa, ɗaya daidai ƙwauri. Ta kafaɗa ita ke fito da fuska da hannuwa. Ta ƙasa ita ke nuna taku da bugun ƙafa, ki ɗan sunkuyar da ita ta riƙa shafar daɓe, kada ta kalli sama. Ta biyar, wadda ta fi rauni, ki rataya ta can sama ta gaba, ta ɗan wanke fuskoki kawai. Ta shida ki ajiye ta a kashe kusa da ƙafarki. Ba ado ba ce, ta ranar tsiya ce.

Gorar kada ta yi daidai da layin yaran, balle ta wuce bayansu. Ki jawo ta taku ɗaya zuwa wajen masu kallo, bakin fitilun ya ɗan karkata ciki. Ki ja layi da alli a ƙasa, ki gaya wa yaran ba mai tsallake shi zuwa gaba, don wadda ta tsallake ta sa fitila a bayanta. Gwangwanayen madara da za ki gani a akwatin, waɗanda aka fasa wa gindi, ba shara ba ce. Babanki ya sha yi mini tsiya a kansu, wai in na mutu gadon gwangwani za ku raba. Ana zura su a bakin fitila su tattara hasken ya tafi inda aka aike shi. Kwalayen da ke cikin akwatin kuma ki ɗaura su ta ɓangaren masu kallo, su tare hasken kada ya shiga idon mutane. In kin samu baƙin zane ko tsohon bargo mai duhu, ki rataya a bangon da kowace fitila ke kallo, ya shanye abin da ya wuce.

Kada ki ɗauka da na koma gefe na gama kuskure. A gwajin farko na zauna a tsakiyar ɗaki, na ga komai daidai, na fara naɗe waya. Sai Inna Tumba, tsohuwar da ke yi wa makarantar girki, ta kira ni daga can ƙarshen benci na jikin bango, inda ta zauna tana tsince shinkafa. Ta ce, "Malama, zo ki zamna nan inda nike." Na ce ina da aiki. Ta ce, "Aikin na nika kiran ki ki gani. Zo dai, ba a sayar da wurin ba." Na je na zauna. Ga wanda ke zaune a ƙarshen hagu, fitilar dama ba a gefen yaran take ba, a bayansu take. Abin da na guje wa shekara uku yana nan yana jirana a bencin bango. Muka janye benci biyu daga kowane gefe, muka ƙara jawo gorar gaba, na koma gida na sa wa kowace riga shafi.

Darasin nan biyu ne. Na farko, ɗakin taro ba ido ɗaya gare shi ba, kowane mazauni da abin da yake gani, saboda haka ki zauna a kowane benci, musamman na bango da na gaba. Na biyu, in tsohuwa ta kira ki, ki je. Takardar shaidarki ta koyarwa ba ta zauna inda ta zauna ba.

Sai maganar launi, don na san ki da son ƙyale-ƙyale. Farin hasken fitilar caji yana mayar da baƙar fata toka-toka, kamar wadda ta yi wanka ba ta shafa mai ba. A zamanin ƙwai mai zafi na taɓa naɗa jar leda a kansa don in gyara wannan. Ba a kai rabin waƙa ba ledar ta narke, wari ya cika ɗaki, wata ta ce gobara, mata suka yi bakin ƙofa guda ɗaya da goyo da takalma a hannu. Ba wanda ya ji ciwo, amma na ga yadda ƙofa ɗaya take zama in mutum ɗari suna son ta lokaci guda. Yanzu abin da nake yi, jan buhun albasa mai raga-raga nake yankowa, in wanke, in rufa falle ɗaya a bakin fitilun gefe guda, ɗaya gefen in bar shi fari. Fata takan yi kyau, fuska ta samu ɓangare mai ɗumi da ɓangare mai sanyi. Falle ɗaya na ce. In kin ninka, hasken ya mutu. Kuma in wani ya kawo muku gudummawar ƙwai mai zafi, ki yi godiya, kada ki sa masa komai a baki, kada ki bar shi kusa da tabarmar taga.

Caji kuma. Fitilun nan suna da ramin cajin waya, shi ne masifarsu. Wata shekara na cika su tun jajibiri, na bar su a ofis. Malamai suka yi ta zuwa, wannan ta ce minti biyar, waccan ta ce kira ɗaya za ta yi. Na ji nauyin hana su. Ana tsakiyar rawa fitilun dama suka fara lumshewa kamar mai gyangyaɗi, aka ƙarasa da rabin haske. Ki cika su, ki kulle a akwati, makullin a bakin zanenki. Wadda ta ji haushi ta ji. Kunyar hana abokiyar aiki ta yini ɗaya ce.

Akwai abin da ya bambanta zamaninki da nawa, kuma shi ya fi hana ni sukuni. Abin da ya samu Hajaru, mutanen da ke ɗakin ne kawai suka gani, amma ya ishe shi ya rufe mata makaranta. Yau kowace mace da ke zaune tana da waya a hannu. Kafin ki kai hannu ki kashe fitila, abin ya isa Sakkwato, ya wuce. Ba babbar rigar da za ta lulluɓe wannan. Kin ce hasken baya ya fi fitowa a hoto. Gaskiya ne, ya fi fitowa. Abin da nake tsoro ke nan.

Yanzu ga abin da ya sa takardar nan ta yi tsawo. Ran kasuwar Shagari da ta wuce na je sayen zare, ban neme ki ba don kina aji. Ina tsaye a rumfar mai zare sai wata mata ta ajiye ƙwaryarta ta durƙusa ta gaishe ni, "Malama, ina wuni." Ban gane ta ba sai da ta ɗago. Hajaru ce. Tana aure a Kajiji, da 'ya'yanta, tana sana'ar ƙuli-ƙuli. Muka gaisa, na rasa inda zan sa idona. Shekarun nan duka, ubanta na roƙa gafara, ita ban taɓa roƙonta ba, kamar ba ita aka yi wa ba. Wannan ma kuskure ne, ki ƙara a lissafin kurakuraina. Na buɗe baki zan fara, ta riga ni.

Ta ce, "An ce mani ɗiyarki ka riƙon fitila bana a makarantar mata."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Tawa ɗiya tana nan aji biyar, Nana sunanta. Tana cikin masu rawa. Babanta bai so ba, ni nic ce a bar ta."

Na ce, "Hajaru, ki yafe mini."

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Wanga ya wuce, Malama, na yahe tun tuni. Amma zan zo. Gaba zan zamna."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Mai zare ya tambaye ni kala nawa nake so har sau biyu ban ji shi ba.

Ki duba wannan al'amari da kyau. Matar da aka cire daga makaranta a kan rawa, ita ce ta tsaya wa ɗiyarta a gaban miji har aka bar ta ta yi karatu, ta kuma hau dandamali. In abu ya sake faruwa, ba Nana kaɗai za a cire ba. Bakin uwarta zai mutu a gidanta, ƙannen Nana mata ma ba za su ga aji ba. Kuma a ce gida ɗaya ne ya yi musu, uwa ta yi wa uwa, ɗiya ta yi wa ɗiya. Na san ke sabuwa ce a wurin, kina so shugabarku ta ga kin iya. Ni ma abin da na so ke nan.

Ki nemi Nana a ajinsu, kada ki ba ta labarin nan, ba naki ba ne ki bayar. Ki duba kayan da za su sa tun yanzu, ki ɗaga kowanne a bakin ƙofa da hannunki. Wanda ba shi da shafi ki aiko mini da shi ta hannun kawunki Bello, zan sa masa, ba sai makaranta ta biya ba. In telansu ya ce sai ranar biki zai gama, ki ce masa ranar gwaji ce ranar bikinsa. Sannan ran Asabar ki hau babur ki je Kajiji, ki tambayi gidan Hajaru mai ƙuli-ƙuli. Ki durƙusa ki gaishe ta kamar yadda za ki gaishe ni. Ki ce Innarki ta aiko ki, tana roƙon ta zo ranar gwaji, ba ranar biki kaɗai ba.

Ki gaishe mini da shugabarku da mutanen gidan da kike zaune. Ki kula da sallarki a kan lokaci, kada shirin biki ya sa ki haɗa la'asar da magariba. Allah Shi tsare ki daga sharrin hanya da na baki, Shi rufa miki asiri kamar yadda za ki rufa na 'ya'yan mutane, Shi dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ga dokar da na kafa, na kuma gaya wa babanki ya shaida, ta hau kanki da ƙannenki da duk wanda zai gaji gwangwanayen nan. Fitilar gidan nan ba ta tsayawa a bayan ɗiyar kowa. Ba a kunna ta a gaban jama'a sai yaran sun sa ainihin kayan ranar, an toshe tagogi, uwar ɗaya daga cikinsu ta zauna a kowane benci ta duba da idonta ta ce ta yarda. Bana uwar nan Hajaru ce. In ta ce a matsar, ki matsar. In ta ce a kashe, ki kashe. In shugabarku ta ce ba lokacin wannan, ki rufe akwatina ki dawo mini da shi Bodinga.

Innarki,
Hauwa